Goggo da Sa Hannun da Ba Ta Sani Ba

Goggonmu shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a ofishin wata makaranta, kuma ba takardar da ta taɓa wuce teburinta ba ta ƙare wa sa hannun kallo ba. Da ta yi ritaya sai ta kama ɗan shago, ta sa kwamfuta ɗaya da firinta ɗaya da fanka mai ƙara.

Ranar da firintar ta yi gardama, akwai aikin wata ɗaliba, shafi tamanin, da za a miƙa ƙarfe biyu. Ɗalibar na kan benci tana karkaɗa ƙafa. Goggo ta kira ƙaninta, Kawu direba, wanda a gidanmu shi ne gwanin waya. Da ya zo ya ce manhajar firintar ce ta tsufa, nan da nan ya sauko da wata daga intanet.

"Tsaya," in ji Goggo. "Daga ina?"

"Yaya, an sa mata hannu fa. Ga shi kwamfutar da kanta ta faɗa."

"Hannun wa?"

"Hannu dai!"

"Ikon Allah! Kai da gemunka. Ɓarawo ba shi da hannu ne? Buɗe min sunan."

Ya buɗe yana tsaki. Sunan da ya fito ba na kamfanin firintar ba ne, wani ne can da ko Kawu bai taɓa ji ba. Ya ce ai sa hannun na nufin ba a taɓa ta a hanya ba. Goggo ta ce ta ji, to in tun daga gida aka ƙunso mugun abu fa? Aikin mutum goma sha ɗaya ne cikin kwamfutar nan, in ya lalace Kawu zai tada motarsa ya yi gaba, ita za a tsare.

"Goggo, ɗaya ta gota," in ji ɗalibar.

Shafin kamfanin na ainihi kuwa ya ƙi buɗewa, sai juyi yake. Goggo ta goge abin da Kawu ya sauko da shi, ta kwashe aikin a filas. Banda nata, shago ɗaya ne mai firinta a layin, na matar da ta janye mata kwastomomi, wadda rabonsu da gaisuwa tun bara. Goggo ta tsallaka titi zuwa can tana mita. Sai da ta yi sallama sau uku aka amsa. Biyu saura kwata ɗalibar ta fita a guje da takardunta.