Gashin Bakin Gwaggo

Tun ina ƙarami hannuna ba ya ganin bango ya ƙyale. Da gawayi na fara, na koma baƙin garin da ke cikin tsohon batir, har ta kai a unguwarmu a Bagudo idan aka wayi gari aka ga jaki a jikin katanga ba a tambaya, gidanmu kawai ake nufowa. Na sha duka, na sha wankin bango da tsumma. Da na kai shekara goma sha shida babana ya gaji, ya ce damina na sauka zai tura ni Kaoje korar tsuntsaye a gonar shinkafa, tunda can babu bangon da zan ɓata.

Gwaggona ce ta shiga tsakani. Ƙanwar babana ce, tana da rumfar tuwon shinkafa da miyar kifi a bakin hanyar da ta nufi iyakar Benin. Masu cin abincinta kusan duk 'yan kabu-kabu ne, masu babura da ke ɗauko buhunan shinkafa daga tsallake, mutanen da ba su ƙaunar haɗuwa da mai kaki ko a mafarki. Ta ce ta ba ni bangon rumfar in zana abin da zai jawo mata masu saye. Idan ya yi kyau za ta roƙi babana ya bar ni da zanena, idan kuwa bai yi ba ita da kanta za ta sa ni a mota zuwa Kaoje.

Wannan ne bango na farko da aka taɓa ba ni da izini, kuma wallahi sai da na ji kamar in yi kuka. Na bi masu gyaran kwalekwale na roƙo ragowar fenti, kore kaɗan, rawaya kaɗan, fari a gindin gwangwani. Da na ga ba wanda zai isa shi kaɗai, sai na juye su wuri ɗaya na dama. Na zana wani ƙaton mutum mai fara'a, tsayinsa ya kai rufin rumfar, ya ɗaga hannu yana kiran masu wucewa. Na ɗora masa hula, ta ɗan karkace gefe, na ce ai gayu ne. Na ƙara masa gashin baki da ɗan baƙin fenti da na roƙo daban don ya yi kwarjini.

Abin da ban lura ba shi ne, kore da rawaya da fari idan suka bushe kalar kaki suke bayarwa. Rumfar kuma tana bayan wata kwana, wanda ya taho daga iyaka sai ya karyo yake hango ta. To me zai hango? Ƙato cikin kaki, hula a karkace, hannu a sama.

Ranar farko muna zaune muka ga babura uku sun karyo kwana, suka yi cirko-cirko, suka juya suka faɗa daji. Na huɗun bai iya juyawa ba, ya zarce cikin kwalbati da buhu biyu. Kafin azahar labari ya kai tsallake cewa an kafa sabon shinge, kuma jami'in ba ya zama, ba ya cin abinci, ba ya ko ƙifta ido. Kwana uku mu muke cinye tuwon Gwaggo safe da rana da yamma, har ƙannena suka fara gudun kwano.

A rana ta huɗu ta kira ni, ta miƙo mini bokiti da tsumma.

"Wanga mutum naka ya kore min mutane. Ko ka wanke shi, ko ka ɗauko jakarka."

Na roƙe ta ta ba ni zuwa la'asar, don gaskiya ba zan iya wanke shi ba. Na samo jan fenti, na ɗaura masa zane daga ƙirji har ƙasa, hular na mayar da ita ɗankwali, hannun da ke sama na sa masa ludayi. Fentin ya ƙare daidai lokacin da na iso fuska. Gashin baki yana nan, baƙi wuluk.

Ɗan kabu-kabun farko da ya yi ƙarfin halin matsowa ya dubi bango, ya dubi Gwaggo, ya kwanta kan buhunsa yana dariya har hawaye. Washegari rumfar ta cika da masu zuwa ganin Gwaggo mai gashin baki, har da mutanen tsallake. Ta yi sati ba ta yi mini magana ba, amma Kaoje ban je ba.

Shekarun baya ruwa ya ci bangon. Lokacin na daɗe da buɗe shagon rubutun allo da zanen motoci. Gwaggo ta tsufa, jikokinta ke tuƙa tuwon, amma da aka sake gini ita ta kira ni a waya ta ce in taho da fentina. Na ce wannan karon zan fito da ita tsaf kamar amarya. Sai ta ce, "Kak ka mance gashin bakin. Da shi aka gane ni."