Lissafi a Tafin Hannu

Ba-Zama suke ce masa, kuma sunan ya bi jiki. Shekara talatin yana gyaran kayan wuta, kujerar shagonsa har yau sabuwa ce. A tsaye yake cin abinci, yana tafiya yake amsa gaisuwa. Littafi kuwa bai taɓa riƙewa ba, duk lissafinsa a tafin hannu yake yi da biro, wai takarda ɓata lokaci ce.

Wata safiya yayarsa ta aiko masa. Tun rasuwar mijinta da kiwon kaji take riƙe gida, ga shi wayar ɗumama akwatin ƙyanƙyasarta ta ƙone, ƙwai ɗari biyu a ciki, saura kwana biyu su fashe.

Yana isa ya tambaya, "Ƙarfinta wat nawa ne, Yaya?"

"Ɗari, in ji wanda ya haɗa. Don Allah yi sauri, suna hucewa."

Ya buɗe tafi. Wutar gida bolt ɗari biyu da ashirin, ya ninka ta da kanta, ya raba da ɗari. Turjiyar da ake so a waya ta fito om 484. Ya ruga shago, gumi na tsiyaya har gwiwar hannu. Da ya sake duban tafin, huɗun ƙarshe ta goge, 48 ya gani. Ya auna waya da mitar gwada turjiya, ya yanke, ya naɗe, ya koma ya ɗaura.

"Ba ka jira ka ga kamun ludayinta?"

"Ana jirana a wajen mai injin niƙa."

Ba wanda ke jiransa. Halin ne kawai.

Duk da haka ya wuce can. Yana cikin kwance murfin injin abin ya fara cin ransa. Ya aka yi wayar ta zo gajera haka? Ya raba ɗari biyu da ashirin da arba'in da takwas a ka. Wutar da wayar za ta ja amfiya huɗu da rabi. Abin da dutsen guga ke ja ke nan, wat dubu. Ya watsar da sifana ya zuba a guje.

Ya tarar Yaya ta zare filogi, ɗakin na warin roba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ƙwai ɗaya ta miƙa masa, da zafinsa.

"Ɗazu da safe wannan yana kuka a ciki," ta ce. "Kara a kunnenka."

Ya kara. Ya daɗe yana saurare.