Saura Muryar Bos

Ranar Talata ce. Ɗana ya tashi ƙarfe biyar da rabi kamar kullum, na ji shi yana ɗora ruwa a kicin. Ba ya magana da kowa da safe sai ya sha kofi biyu na ruwan ɗumi. In ka yi masa magana kafin nan, hannu zai ɗaga maka. Mahaifiyarsa ta daɗe da daina jin haushin wannan.

Ƙarfe bakwai ya fito falo da littafinsa a hammata. Ƙanwarsa tana shirin tafiya aiki, tana ta neman takalminta ƙafa ɗaya. Sai ya maƙe murya ya koma tsohuwa, ya ce, "'Yar nan, wadda ta ɓatar da takalmi ai wata rana miji za ta ɓatar."

Ta ce, "Yaya, don Allah ka fita harkata, na makara."

Ya juye zuwa muryar ɗan sanda. "Ina shaida? Wa ya ga takalmin nan da idonsa?"

Takalmin yana ƙarƙashin kujerar da yake zaune a kai, kuma ya sani.

Takwas saura kwata ya sha magungunansa uku a tsaye, ya tura babur waje. Na tambaye shi ko ya ɗauki rigar sanyi, don ɗakin aikinsu akwai na'urar sanyaya wuri. Ya ce, "Baba, shekarata talatin da ɗaya fa." Na ce ba shekaru na tambaya ba. Ya koma ya ɗauko.

Abin da ya faru daga takwas da rabi zuwa huɗu, Dogo ne ya faɗa mini, abokin aikinsa mai haɗa sauti. Har sha biyu yana ɗaukar muryar jarumin fim ɗin da suke fassarawa. Ƙarfe ɗaya suka ci shinkafa a kan bencin ƙofar situdiyo. Daga biyu zuwa huɗu ya ƙarasa muryar budurwar jarumin, ya rufe littafi ya ce, "Murya shida sun tafi. Saura bos, sai jibi."

Ƙarfe biyar ya biya kemis ya sayo wa mahaifiyarsa maganin ɗigawa a ido. Shida ya wanke babur. Takwas muka zauna muna jin labarai, na ga yana murza gwiwarsa ta hagu. Na dube shi, ya ce ba komai, tsayuwa ce ta yi yawa. Kafin azahar ta Laraba muna asibiti. Ranar Lahadi da safe, ƙarfe tara da minti ashirin, Allah ya karɓi abinsa.

Da sikila aka haife shi. Wanda ya reni mai wannan ciwo ya san sauran, wanda bai sani ba kuwa ba zan iya sanar da shi a nan ba. Yana shekara bakwai ya yi wata biyu a kwance, sai kawunsa ya kawo masa bidiyo da kwali guda na kaset-kaset ɗin fina-finan Indiya don ya rage zaman kaɗaici. Sauran yara faɗan suke jira. Shi kuwa baki yake kallo. Yakan mayar da kaset baya sau goma a kan magana ɗaya, har na'urar ta fara cin zare.

A asibitin da muke kai shi akwai wani likita Ba'indiye. Wata rana yana ɗibar jininsa, yaron nan ya ɗaure fuska ya furta masa wata doguwar magana da Indiyanci. Likitan ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Da ya samu numfashi ya fassara mana: "Kowane ɗigon jinin da ka zubar, na rantse sai na rama." Daga ranar, duk zuwa sai ya gyara masa kalma biyu ko uku. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa littattafan koyon karatu na 'ya'yansa da wani tsohon ƙamus.

Ni safiyo ne, na yi shekara talatin da biyu ina awon filaye. Burina ya samu aikin ofis, kujera da inuwa, inda in ya kwanta ciwo ba za a kore shi ba. Ya gama karatu, na nema masa, ya yi shekara biyu, sannan ya ajiye ya koma fassarar fim. Na ce masa wannan ai surutu ne, ba sana'a ba. Bai mayar mini da magana ba. Ya ce, "To, Baba," ya ci gaba da abinsa. A shekara takwas da ya yi yana aikin, ban taɓa taka situdiyon ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba: ana rage sautin fim na asali, mutum ɗaya ya ɗora muryarsa a kai, shi ne namiji, shi ne mace, shi ne tsoho. Daga nan sai masu shagunan tura fina-finai a waya su raba wa jama'a. Yawancin masu yi sukan zauna su zuba daga farko har ƙarshe a wuni guda, abin da ba su gane ba su cike da barkwanci. Shi ba haka yake yi ba. Fim ɗaya yakan ci masa mako uku. Ya fara rubuta komai, sannan ya ɗauki murya ɗaya-ɗaya, kowane mutum daga farkon fim zuwa ƙarshensa, don kada muryar wani ta shafi ta wani. Shi ya sa ake kiransa Murya Bakwai. Mugun fim, wanda suke kira bos, shi yake bari a ƙarshe, saboda muryarsa tana kankare maƙogwaro, in ya yi ta sai ya kwana uku yana magana da hannu.

Kwana goma sha biyu da rasuwar, mai situdiyon ya zo da Dogo. Suka yi sallama, na amsa daga ciki. Da na fito na tarar Dogo ya dafa bango, fuskarsa ta canza. Ya ce ba komai.

Mai situdiyon mutumin kirki ne, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Fim ɗin labarin wani direban babbar mota ne da mai kamfanin fasa dutse ya kashe masa uba da ƙanwa, ya dawo bayan shekara goma sha biyu ɗaukar fansa. Komai ya kammala sai muryar mai kamfanin, magana ɗari biyu da goma sha biyu. Ya nemi ɗayan mai fassararsu, wanda suke kira Rediyo, ya cike gurbin. Rediyo ya ce shi ba ya ɗinki a kan rigar wani, in dai shi zai yi, sai dai a goge komai ya zuba nasa daga farko. Mutane kuma sun matsa suna tambayar fim ɗin.

Ya ce, "Baba, ban so in goge ba sai na faɗa maka."

Mahaifiyarsa tana bakin ƙofar ɗaki. Ta ce, "A goge muryar tasa?"

Can sai Dogo ya ce, "Baba, ka yafe mini. Ɗazu da ka amsa sallama, wallahi na ɗauka shi ne. In ka sauke murya ƙasa kaɗan, babu mai rabewa."

Na ce ban san ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Ya ce ba a bukata, komai yana cikin littafi.

Situdiyon ɗaki biyu ne a bayan wani shagon gyaran waya. Na ciki bai fi taku huɗu ba, an manna katifu a bango, ga makirfo, ga allon kallo, ga kujerar da ba ya zama a kai, don a tsaye yake aiki. Dogo ya miƙo mini littafin. Kowane shafi ya ja masa layi gida biyar: lokaci har daƙiƙa, abin da aka faɗa, ma'anarsa, yadda mutum zai faɗe shi da Hausa, sannan yawan gaɓoɓin maganar. Ƙarƙashin wasu haruffa akwai ɗigon jan biro. Na yi shekaru ina duba littattafan awo na ma'aikata, ban taɓa ganin mai tsabtar wannan ba.

Kuskurena na farko a magana ta tara na yi shi. Direban ya tsaya gaban bos, bos zai ce, "Ubanka ma bai isa ba." Na ga maganar ta yi kaushi, na leƙa gidan ma'ana, na ga abin da ake nufi, sai na gyara. Na ce, "Mahaifinka ma bai iya tsayawa a gabana ba."

Dogo ya tsayar. Ya ce, "Baba, kalli allo." Ya mayar baya. Bos ya rufe baki, ya juya, har ya kunna sigari, ni kuwa ina nan ina tsayawa a gabana.

"Gaɓa takwas ya rubuta, ka ba shi sha shida. Wannan ai ka ninka wa mutum fili."

Na ce to jajayen ɗigon fa?

"Nan ne leɓen ɗan wasan ke haɗuwa. Duba." Ya tafiyar da hoton a hankali. Sau huɗu mutumin ya haɗe leɓe, ɗigo huɗu ne kuma a littafin, ƙarƙashin ba da ma da bai da ba. Dogo ya ce wani lokaci ɗana yakan yi rabin wuni yana neman kalmar da za ta rufe baki daidai inda na Ba'indiyen ya rufe. In an ce masa babu mai lura, sai ya ce ido yana lura, mai idon ne bai sani ba.

Ban sake gyara masa ko wasali ba.

Kwana tara na yi, awa biyu kowace safiya. Dogo bai raga mini ba. "Baba, wannan ba mugu ba ne, hedimasta ne." "Baba, mutum za ka sa a jefa a rami, ba takardar fili za ka sa wa hannu ba." Abin da na fi tsoro shi ne dariyar bos, don mutumin yana da wata dariya kamar ana jan tebur a kan siminti. Da muka iso wurin sai na ga ya rubuta: a bar ta asali. Dogo ya ce ai ɗana ba ya ɗora murya a kan dariya, ba ya ɗora ta a kan kuka. Cewa yake waɗannan mai su ya riga ya yi, kuma kowa ya ji.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne, a abin da ake sa mini a kunne zan riƙa jin sauran muryoyin. In na yi barazana, ɗana ne yake amsa mini. Akwai inda direban yake cewa, "Na daɗe ina jiran ranar da za ka dube ni." A wannan wurin na nemi a tsaya, na fita na zauna a benci kamar minti goma. Dogo bai biyo ni ba, na kuma gode masa. Na dawo muka ɗauka sau ɗaya.

Ranar ƙarshe direban ya ci ƙarfin bos a bakin ramin dutse, na faɗi magana ta ɗari biyu da goma sha biyu, gaɓa biyar. Dogo ya saurara sau biyu, ya cire abin kunnensa ya ce, "Ya zauna." Ba a goge ko daƙiƙa ɗaya daga aikinsa ba. Mai situdiyon ya sa rubutu a farkon fim ɗin, layi biyu, na neman a yi masa addu'a. Bayan mako guda Dogo ya kira ni yana dariya, wai wani mai shago ya ce bos ɗin nan har tsufa ake ji a muryarsa, Murya Bakwai ya wuce da saninsa. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa sun kalla har ƙarshe. Ni na tsaya a rabi.

Kayansa ba su da yawa. Tufafi muka raba wa 'yan uwansa da suka yi daidai da shi. Magungunan da ba a buɗe ba na mayar asibiti, suka ce akwai masu bukata. Babur muka ba Dogo, ya ƙi karɓa har sai da mahaifiyarsa ta yi masa faɗa. Makirfon nasa ne na kansa, mun bar shi inda yake. Ƙamus ɗin likita yana wurin ƙanwarsa.

Littattafan aiki sittin da uku ne, na jera su a kabad ɗina bisa kwanan wata. Wata biyu bayan haka wani mutum mai ƙatuwar murya ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi ne Rediyo. Ya yi ta'aziyya. Sannan ya ce ko zan ara masa ɗaya ya duba. Na ce zan ba shi ɗaya-ɗaya, in ya dawo da wanda ya ɗauka ya karɓi na gaba, kuma kada ya yi rubutu a ciki. Yana zuwa duk bayan mako biyu ko uku. Yanzu na goma sha ɗaya ne a hannunsa.