Saude Makitsiya da Ranar Sunan Ɗan Shafa'atu

A Kucheri aka haifi Saude, can ƙasar Tsafe. A shekarar babbar yunwa, tana 'yar budurwa, uwarta ta kai ta gidan gwaggonta ta ce za ta je neman hatsi ta dawo. Ba ta dawo ba, ba a kuma ji labarinta ba. A hannun gwaggon nan Saude ta koyi kitso, ta kuwa iya shi ƙwarai, har mata na tasowa daga 'Yankuzo su ɗora kai a cinyarta.

Sai dai Saude ba ta iya son mutum kaɗan ba. In ta riƙe mace ƙawa, har zanenta na fita unguwa sai ta ba ta. Amma ranar da ƙawar ta amsa gaisuwa a gurguje, Saude ta wuni tana juya abin a ranta, kafin la'asar ta gama yarda an tsane ta. Aurenta ma haka ya mutu. Da safe ta riƙe wa mijin riga kada ya tafi gona, da yamma ta ce ya sake ta tunda ya gaji da ita. Wata rana ya sake ta.

Shafa'atu ce kaɗai ta daɗe da ita. Maƙwabciya ce, mace mai sanyin hali. Da ta haihu, mako ya zagayo Saude na kwance da zazzaɓi, sai wata baƙuwa daga dangin miji ta yi wa maijego kitson suna. Saude ta lallaɓa ta je da hantsi. Tana ganin kan Shafa'atu ta tsaya cik.

"Wa ya taɓa miki kai?"

"Ba ki da lahiya, Saude. Na ji tausayinki ne."

Saude ta fizge mata kallabi a gaban mata. Ta kira ta munafuka, ta faɗi maganganun da Shafa'atu ta taɓa yi mata a asirce game da uwar mijinta, uwar mijin kuwa na zaune a wurin. Tsakar gida ta yi tsit. Jaririn kawai ke kuka.

Kafin Saude ta isa gida fushin ya tafi, kunya ta maye wurinsa. Ba irin kunyar da ake sunkuyar da kai ta wuce ba. Ji ta yi kamar duk garin ya leƙa cikinta ya ga ruɓa. Ta ɗauki garwashi a murhu ta danna a damtsenta, don a lokacin zafin fata ya fi mata sauƙi.

Bayan arba'in Shafa'atu ta zo da kanta, goye da ɗan.

"Na yahe miki. Hito ki ga yaronki."

"Kada ki yahe," Saude ta ce daga bayan asabari. "Ki zage ni, sai in iya hitowa."

Shafa'atu ba ta iya zagi ba. Ta zauna har rana ta karkata, ta tafi.

Da kaka yayan Saude, Labbo, manomi a Bungudu, ya zo ya ɗauke ta a kan jaki. Ta ce a can ba wanda ya san ta, za ta zama sabuwar mace. Ta yi kitso, ta yi ƙawaye, ba a rufa shekara ba ta yi wa ɗaya daga cikinsu irin abin da ta yi a Kucheri. Mutane suka ce iska ce. Labbo ya kai ta wurin wani malami a Gusau, aka yi mata rubutu da turare. Ta sha, ta yi hayaƙin, don kada ta ɓata wa yayanta rai.

A hanyar dawowa ya tambaye ta ko ta ji dama.

"Yaya, da aljani ne da na yi murna," ta ce. "Da sai a hitar da shi in huta. Ni ce."

Daga nan ta daina fita. Biki ba ta zuwa, rijiya ba ta zuwa. Masu son kitso ke shigowa ɗakinta na ƙuryar gida, ta yi musu baki a rufe. In wata ta fara sakin jiki da ita, sai ta aika a ce mata hannunta na ciwo.

Shekaru suka ja. Wata rana da rani Shafa'atu ta biyo ayarin fatake zuwa Bungudu, ta yi sallama a gidan Labbo. Saude ta gane muryar. Ta tashi, ta gyara ɗaurin zane, ta kai hannu ga asabari, sai ta koma ta zauna. Shafa'atu ta ajiye mata daddawa da ƙullin kuka a bakin ƙofa, ta ce ɗan ya girma har yana bin ubansa gona.

Da ta ji takun ya yi nisa, Saude ta fito da gudu ba mayafi. Ta kai zaure, ta hango ayarin bai ko wuce marina ba. Kira ɗaya ya isa ya tsayar da Shafa'atu. Amma akwai maza zaune a gindin durumi, ɗayansu ya ɗago kai. Ta ja da baya.

Matar Labbo ta same ta a tsugune bayan ƙyauren zaure. Ta kama hannunta, suka koma ciki.