I'inar Yaya Ɗanaudu

Yayana Ɗanaudu ɗan kabu-kabu ne a Bagudo, kuma tun yana yaro yake i'ina. Ba 'yar ƙarama ba. Idan ya kama kalma ɗaya sai ka ɗora shayi ka sauke bai sake ta ba. Ni da muke ciki ɗaya na fi kowa tsokanarsa, shi kuwa bai taɓa fushi ba, sai dai ya nuna ni da yatsa yana dariya.

Amma duk unguwarmu, idan aka yi rasuwa kuma dangin mamacin suna nesa, shi ake aika. Mutanenmu ba sa son a gaya wa mace mutuwar mijinta ta waya. Tsofaffi suka ce bakin Ɗanaudu ya dace da aikin, domin kafin ya kai ƙarshen magana mai sauraro ya riga ya gane, ya nemi wuri ya zauna. Shekara ashirin yana wannan aiki, daga Kende zuwa Lafagu har cikin ƙasar Benin, kuma har yau tsoronsa yake ji. Ranar da zai kai saƙo, in ya idar da sallar asuba ba ya tashi daga kan buzu sai rana ta fito. Addu'arsa da Hausa yake yi, na kuma sha jin ta ta bayan zana: "Ya Allah, ka riƙe mini gwiwa, ka sassauta mini harshe, ka ba wanda za shi ji ikon ɗauka." Abin haushi, in yana magana da Allah ko sau ɗaya ba ya i'ina. Mu ne dai yake wahalarwa.

Wata Laraba bayan ya shafa addu'a ya leƙo ɗakina.

"'Yar Baba, ta-tashi mu tahi. Gidan ma-mata na."

Na ce, "Wa ya rasu?"

Ya ce Namadi, wani mai sayen shinkafa daga ƙetaren iyaka, mota ta buge shi a hanyar Kende. Na ɗauki mayafi na hau bayan babur ɗinsa. Ban ƙara tambaya ba, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan.

Abin da ban sani ba, Namadi biyu ne a gidan, 'ya'yan wa da ƙane, ana kiransu Babba da Ƙarami. Tare suka zo kasuwa. Ƙarami ne ya rasu, Babba ya tsaya wajen jana'iza ya aiko Yaya.

Muka wuce Tsamiya, muka shiga ƙauyen da hantsi. Maza duk suna fadama. Yaya ya yi sallama, sai ga wata mata ta fito hannunta da kumfar wanki. Dela ke nan, matar Babba. Tana ganin wanda ke tsaye fuskarta ta sauya, don har can an san abin da ke kawo Ɗanaudu.

Yaya ya sunkuyar da kai. So yake ya ce Namadi Babba ne ya aiko shi.

"Na-Namadi Babba…"

Nan harshen ya kafe. Dela ta kurma ihu ta zube a ƙasa.

Wata matashiyar mace mai goyo ta fito da gudu daga ɗaki, ta rungume ta. Asama'u ce, matar Ƙarami. Maƙwabta suka cika gidan, ni ma na durƙusa ina ta ba Dela haƙuri, ni ga wadda ta san abin da ake ciki. Asama'u ta ɗora kan Dela a cinyarta, tana shafa mata baya tana kuka.

"Yi haƙuri, Yaya Dela. Ba ki rasa kowa ba. In Ƙarami ya dawo shi za shi riƙe ki da ɗiyanki, wallahi ba mu barin ku."

Sai na ɗaga kai na hangi Yaya a bakin zaure. Gumi ya jiƙe masa riga, bakinsa na motsi babu sauti, yana girgiza mini kai yana nuna mai goyon. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na gane. Na so in faɗa a madadinsa, amma ni mai surutun, bakina ya mutu.

Ya cire takalmi ya shigo har tsakiyar mata, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsuguna gaban Asama'u. Sau uku yana farawa yana kasawa, mata suka yi tsit suna kallonsa.

"Ba-Babba… lahiya lau shike. Shi ya a-aiko ni." Sannan ya dube ta. "Ƙa-Ƙarami na Allah yai ma cikawa."

"Alhamdu lillahi!"

Daga bakin Dela ta fito, kanta na kan cinyar Asama'u. Ba ta san ta faɗa ba sai da ta ji ta da kunnenta. Ta toshe baki da hannu biyu, idonta kamar zai faɗo. Wata tsohuwa ta yi salati. Ni dai na rasa inda zan sa idona.

Asama'u ba ta yi ihu ba. Hannunta bai ma daina shafa bayan Dela ba. Ta daɗe tana kallon Yaya, sannan ta dubi matar da ke cinyarta, ta janye mata hannuwa daga baki.

"Hwaɗi abinki, Yaya Dela," ta ce. "Da ni ta, abin da za ni cewa ke nan."

Sai ta miƙe ta kwance goyonta ta miƙa mini, sannan ta nemi wuri ta zauna.