Gatarin da ke Kan Bajon Makarantarmu

Duk wanda ya yi firamare a Dutsen Kurciya, can wajen Bakori, ya san bajon da ake ɗinka mana a ƙirjin riga: dutse, kututture a kansa, ga gatari a jingine. A aji an koya mana wai ma'anarsa ƙwazon manoma. Gatarin nan na kakana ne, Gwadabe.

Kaka Bamaguje ne, shi ke kula da tsamiyar kan dutsen kamar yadda ubansa ya yi. Ba mai cin sabuwar dawa sai Kaka ya hau ya zuba mata giya. Ƙarfe ba ya kusantar ta. Shi kansa a gindin dutse yake barin wuƙarsa, ko allura ba ya hawa da ita.

A 1964 yawancin gari suka musulunta, Kaka bai bi ba. Mai gari Isyaku, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara, ya kira shi gaban jama'a ya ce, "Gwadabe, tsamiyarka ko gonarka. Zaɓi ɗaya."

Kaka ya ce, "Ranka ya daɗe, ga samari majiya ƙarfi, a sa su su sare ta mana."

"Su tsoronta suke ji. Kai ai ta san ka, ba za ta ci mai ba ta giya ba."

Aka yi dariya. Gonar nan ita ke ciyar da gidanmu, don haka Kaka ya saɓa gatari ya hau. Mutane suka taru a ƙasa suna jiran ya faɗi matacce. Tsamiya tauri gare ta, tafukansa suka fashe, ƙota ta jiƙe da jini, amma ya kayar da ita.

Da ya sauko da rai, sai aka ce ashe duk shekarun nan yaudarar gari yake yi yana shanye giyar mutane, mayaudari kuwa ba a cika masa alkawari. Bayan girbi aka karɓe gonar, a kanta aka gina makaranta. Da hedimasta ya zo neman abin da za a zana a bajo, mai gari ya ce, "A sa har da gatarin, kada jikokin Gwadabe su manta."

Kaka ya koma ƙwadago a gonakin mutane da furfurarsa. Ranar da na fara sa rigar makaranta na ruga in nuna masa. Ya daɗe yana kallon ƙirjina, sannan ya ce, "Hansai, in za ki shigo ɗakina, ki riƙa juya rigar."

Har ya rasu, a juye nake shiga da ita.