Dogon Ido da Layi na Takwas

A filin wasa ba wanda ke kiran babana da sunansa. Dogon Ido suke ce masa, saboda farin gilashin da yake ɗaura wa kamararsa, wanda tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa 'yan yatsu. In kun ji wani yana bugun ƙirji wai shi ya raɗa masa sunan, ƙarya yake shararawa. Mama ce ta raɗa, kuma ranar ba yabonsa take yi ba.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago tsakanin tela da mai gyaran agogo. Farin labule ne a ciki, da kujera ɗaya mai girgiɗi, da madubi, da mataji da ya ɗaure da zare don kada wani ya yi gaba da shi. Daga safe har yamma magana ɗaya yake maimaitawa: ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, kada a yi murmushi. Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoto, ciniki ya ja baya, maƙwabta suka riƙa zuwa yi masa jaje. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce dama ya gaji da mutanen da ba sa motsi.

Yana da shekara hamsin da biyar ya sayar da babur ɗinsa da fitilun shagon, ya dawo gida rungume da kwali. A ciki akwai kamara irin sabuwar nan ta zamani marar madubi a cikinta, ƙarama, ba nauyi, ba ta ko ƙara in an latsa, sai kuma wancan dogon gilashi mai jawo nesa kusa. Mama ta dubi kwalin, ta dubi inda babur yake tsayawa a da, ta tambaye shi ko dogon idon ne zai riƙa kai ta asibiti ganin likita. Amma Baba in ya ƙudurta abu, ko za ka kwana kana magana, da bango kake yi.

Kada ku ɗauka daga sayen kaya ya zama gwani. Hotunansa na watan farko abin dariya ne: ƙafa ba mutum, ƙwallo ba ƙafa, wani lokaci ciyawa zalla, amma ta fito tar. Sai ya mayar da gidanmu makaranta. Ya bi kajin Mama da gilashi har suka daina gudu in sun gan shi. Ya hau soro yana bin tsuntsaye. Ya zauna a bakin titi yana raka babura da kamara daga dama zuwa hagu, har wani direba ya tsaya ya tambaye shi ko hukuma ce ta aiko shi. Daga ƙarshe ya dawo kaina, tunda ni ce 'yarsa mai tseren mita ɗari huɗu. Kullum da safe sai in yi ta gudu daga bakin lungu zuwa ƙofar gida, shi yana durƙushe, gilashin yana kan wata sanda mai ƙafa ɗaya. A lokacin ne ya gano kamarar tana iya haddace fuska. Ya ɗauki tawa ya saka mata, ta yadda ko cikin mutum goma nake, wani ɗan koren akwati zai tsallake kowa ya manne a idona. Ya yi ta murna kamar yaron da aka saya wa keke.

Aikinsa yana da tsari, kuma ba ya sauya shi don kowa. Awa biyu kafin wasa yana fili. Zai zagaya da ƙafa, ya ga inda rana za ta kasance in an jima, ba inda take yanzu ba. Ido biyu yake buɗewa, ɗaya a cikin kamara, ɗaya a waje yana gadin abin da ke tafe. Yana cewa wanda ya jira ya ga abu kafin ya latsa, to bayan abin ya ɗauka. A ƙwallo ba ya bin ƙwallo, ƙugun ɗan wasa yake kallo. A tsere kuwa kafaɗa yake kallo, don ita ce ke fara tona asirin wanda ya gaji. In ya ɗora ido a kamara, ko gobara ta tashi a bayansa ba zai waiwaya ba.

Shekara huɗu ya yi yana wannan aiki daga bayan shingen waya, yana cusa bakin gilashi ta wata ɓula. Cikin fili sai mai falmaran ruwan lemo ta ƙungiyar wasanni, kuma mutum ɗaya ake ba a wajen layin gamawa. Baba bai taɓa roƙo ba. Hotunansa dai yake wankewa ya kai wa 'yan wasa, har suka kai teburin sakataren ƙungiyar. Da mai riƙe da falmaran ɗin ya yi ritaya, sakatare ya kira Baba ya miƙa masa, amma da sharaɗi. Gwaji ne. A babbar gasar shekara, duk wanda ya lashe tsere, ana son hotonsa yana keta layi. In aka rasa ko ɗaya, akwai mutum uku da ke jiran rigar.

Ku zo ku ga Baba ranar da ya kawo ta gida! Falmaran ɗin roba ce, wadda in da a kasuwa na gan ta ko tayawa ba zan yi ba, amma sai da ya sa aka wanke, ya rataye ta a kan ƙusa ita kaɗai. Mama ta ce saura ya saya wa rigar turare. Wallahi na ji daɗi har cikin raina, don na san yawan ranar da ta gasa masa ƙeya a bayan shingen nan.

Ranar gasar na samu shiga zagayen ƙarshe da kyar, aka jefa ni layi na takwas. Masu tsere sun san wannan layi, shi ne na can gefe, kana gaba kai kaɗai ba ka ganin kowa sai lokacin da suka zo wuce ka. A layi na uku kuwa akwai wadda muke kira Barewa, yarinyar da ba a taɓa ganin bayan wani a gabanta ba. Kowa ya san ita za ta ci, har ni. Da na je gaishe da Baba kafin a fara, bai ko ɗago ba, yana goge gilashi ya ce in matsa ina tare masa haske. Na yi tsaki a raina na wuce.

Aka harba bindiga. Ban san abin da ya shiga jikina ba ranar, amma na yi gudun da ban taɓa yi ba. Har kwanar ƙarshe ba wadda ta wuce ni. Daga nan Barewa ta zo ta fice, wasu biyu suka bi ta, ni kuma na cije na hana sauran. Na zo ta huɗu, na kuma rage daƙiƙa ɗaya da rabi daga lokacina mafi kyau. Barewa kuwa ta karya tarihin da ya shekara goma sha ɗaya ba a taɓa shi ba, fili ya ɗauki ihu.

Ina zaune ina cire takalmi na hango sakatare tsaye a kan Baba, yana miƙa hannu. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga Baba ya cire falmaran, ya ninke ta gida huɗu, ya miƙa masa da hannu biyu. Daga baya aka gaya mini cewa ba gardama ya yi ba, cewa kawai ya yi bai samu Barewa ba. Hoton tarihin da aka buga a jarida washegari daga wayar wani ɗan kallo aka ɗauko shi, dishi-dishi, da kan wani mutum a gefe.

A gida na ɗauki kamarar na duba da kaina. Tseren maza, tsalle, jifa, duk ga su nan tsaf, ba wanda ya kuɓuce masa. Da na zo namu sai na tsaya ina sake dubawa. Hoto arba'in da wani abu, ni ce a cikin kowanne. Nan take na tuna da fuskata da ya saka wa kamara. Na fito tsakar gida ina faɗa, na ce ai ga ɓarawon, na'ura ce ta ci amanarsa, ta ga fuskar da ta sani ta bar Barewa ta manne mini. Baba yana zaune, ya ci gaba da shan shayinsa. Ni kuwa in raina ya ɓaci ba na jiran amsar kowa. Na zauna na rubuta takardar koke shafi biyu zuwa ga sakatare, na zuba masa magana son raina. Abin da ya rage shi ne shaidar masani, don haka da safe na saɓa kamarar na nufi shagon Kawu mai gyara.

Kawu ba ƙanin Mama ba ne, abokin Baba ne tun zamanin kamara mai fim, mu muka taso muna ce masa haka. Shagonsa cike yake da gawarwakin kamarori da ƙananan sukurori a murafen kwalba. Na zayyana masa komai ban ko zauna ba, na ce ya rubuta mini layi biyu ya sa hannu. Ya zare katin ajiyar hotuna daga kamarar ya saka a kwamfuta, ya gyara tabarau, ya riƙa wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya, a hankali har na fara ƙufula. Ya tabbatar mini cewa fuskata tana nan a haddace, kuma koren akwatin a idona ya zauna. Na ce to alhamdu lillahi, ga biro. Bai karɓa ba. Ya ce in nuna masa Barewa a hoton.

Na duba. Ga ni, ga rabin kafaɗar ta layi na bakwai, ga shinge a gefe. Na ce ya wuce na gaba. Haka. Na gaba ma haka.

"'Yata, wannan gilashin daga inda babanki ya durƙusa, layi biyu yake ɗauka, in ya yi yawa uku," in ji Kawu. "Da kamara ce ta yi kuskure, da kin ga Barewa a ciki dishi-dishi, ke kin fito tar. To ba ta ciki sam. Kamara tana zaɓar fuska a cikin abin da aka nuna mata, amma ba ta juya hannun mutum daga layi na uku zuwa na takwas."

Sai a lokacin na nemi kujera. Kawu ya mayar da katin, ya goge kamarar da gefen rigarsa, ya ce in gaishe masa da Dogon Ido.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana hura ƙura daga jakarsa. Na ajiye kamarar a gabansa, na ce na je wajen Kawu. Ya ce ya sani. Na zauna kusa da shi. Na ce, "Baba, shekara huɗu fa ka yi kana jiran rigar nan."

"Da wata bakwai," ya ce.

"To me ya sa?"

Ya juya murfin gilashi a hannunsa. "Da kuka fito kwana, a kanta nake. Sai ɗaya idon ya gan ki. Kafaɗarki ba ta faɗi ba, ke da kullum take faɗuwa a nan. Na ce bari in ɗauki ɗaya in koma." Ya rufe jakar. "Na san lokacin da ya kamata in koma. Ban koma ba."

Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce rigar tana yi masa ciwo, ba zai ɓoye mini ba, kuma Barewa ta cancanci hoto mai kyau, zai je har gidansu ya ba ta haƙuri. Amma kada in kuskura in kai wa sakatare takardar nan, don mutumin bai zalunce shi ba.

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, rabi na baƙin cikin rigar, rabi na wani abu da ya cika mini ƙirji har ya yi mini yawa. Na ci lambobin yabo a rayuwata, ba su da yawa amma akwai, ba kuma wadda ta taɓa sa ni alfahari irin na ranar nan. Mutumin da gobara ba ta sa shi waiwaye, ni ta huɗu na sa shi.

Da na fito na yaga takardar, ya kira ni ya ce in zo in zaɓi wanda zai wanke babba. Muka haɗa kai a kan ɗan allon kamarar muna wucewa. Duk ba kyau na yi ba, jijiyoyin wuya a waje, ido a zazzare. Na zaɓi wanda bakina ya fi karkacewa. Ya kalla ya jima, ya ce shi ma shi ya zaɓa.